Mintuna biyar da ke iya kulle ma'aikaci daga kwamfutarsa

Agogon bango na ofis yana iya yin latti da mintuna biyar ba wanda ya damu. Na kwamfuta ba a yi masa wannan rangwame. A ma'aikatun da ke haɗa kwamfutocinsu kan tsarin Windows na bai-ɗaya, matakin tsaron da ake kira Kerberos yakan ƙi karɓar ma'aikaci muddin agogonsa ya saɓa da na sabar ofis da fiye da mintuna 5, ko da kalmar sirrinsa daidai take. Lambobin tabbatarwa na Google Authenticator ma suna sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma da lokaci ake lissafa su.

Kwamfuta tana ƙidaya lokaci ne da kaɗawar wani ɗan dutse mai ƙyalli da lantarki ke ratsawa. Zafi da sanyi da tsufa suna sauya saurin kaɗawar, kuskuren kuma ya riƙa taruwa kullum. Idan aka ɗauke wuta, ɗan batir mai kama da kwabo ne ke riƙe agogon. Ranar da ya mutu, kwanan wata kan koma shekaru baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa.

Maganin shi ne tsarin NTP, wanda David Mills, malamin da ya daɗe a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya wallafa a 1985. Ya rasu a Janairun 2024, amma aikinsa na nan daram. Kwamfuta takan tambayi saba lokaci, a rubuta lokuta huɗu: fitar tambaya, isarta, fitar amsa da isowarta. Da su ake cire jinkirin hanya, a gano ainihin saɓanin. Sabobin hawa-hawa ne: na hawa na 1 suna karɓa kai tsaye daga agogon atom ko tauraron GPS, su miƙa wa na ƙasa. Ta intanet, saɓanin da ke saura bai cika kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba.

NTP lokacin duniya na UTC yake rabawa, Najeriya kuwa tana gabansa da awa 1 duk shekara. Don haka wanda ya bar kwamfutarsa kan yankin lokacin wata ƙasa, ya gyara agogon da hannu, ya ɓata lissafin ne kawai. Abin yi shi ne a zaɓi lokacin Afirka ta Yamma, a kunna saita lokaci da kansa. Sashen kwamfuta kuma ya tabbatar katangar tsaro ba ta toshe ƙofa ta 123 ba, ya kuma ware saba ɗaya da kowa zai bi.

Ga ma'aikacin gwamnati, batun ya shafi mutunci. Ranar da masu binciken kuɗi suka tambayi wa ya amince da biyan kuɗi, kuma da ƙarfe nawa, lokacin da kwamfuta ta rubuta shi ne shaida. Idan agogon ya karkace, shaidar na iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.