Kwalliyar Bakin Rufi ta GRC: Abin da Hoton Waya Ba Ya Nunawa

Duk mai leƙa bidiyon sababbin gidaje a TikTok ko Instagram ya saba ganin farar kwalliyar nan da ke zagaye bakin rufi. Mutane da yawa suna ɗauka duk POP ce. POP kuwa ba ta jure ruwa, shi ya sa a wajen gini wasu magina suka koma ga GRC, wato kankare mai zaren gilashi.

Haɗin nasa ba wani boka ba ne: siminti, yashi mai laushi, ruwa, sai gajerun zaruruwan gilashi da ke yin aikin da rodi yake yi a kankare na yau da kullum. Tunda zaren ba ya tsatsa, ba a buƙatar lulluɓe shi da kankare mai kauri. Kwalliyar takan tsaya a kaurin milimita 10 zuwa 15, kamar wayoyi biyu a haɗe, ciki kuma rami ne. Nauyin da bango zai ɗauka ya ragu sosai ke nan.

Matsalar tana ga zaren. Siminti yana da kaifi irin na kanwa, har ma ya fi ta, shi ne yake farfasa hannun lebura. Haka yake cin zaren gilashi na gama-gari a hankali. A ƙarshen shekarun 1960 ne masu bincike a cibiyar Building Research Station ta Ingila suka gano cewa ƙara sinadarin zirkoniya a gilashin yana kare shi, daga baya kamfanin Pilkington ya fara sayar da irin wannan zare da sunan Cem-FIL. Ƙa'idar masana'antar a yau ita ce zirkoniyar ta kai aƙalla kashi 16 cikin 100.

Ranar da aka ɗaura kwalliya mai zaren ƙwarai da mai zaren banza, ba kyamarar da za ta bambanta su. Sai shekaru sun ja, mai arhar ta yi rauni, ga ta kuma rataye saman ƙofar da yara ke shige da fice. Don haka kafin tura kuɗin kafin alƙalami ta waya, ya kamata mai gida ya nemi hoton buhu ko takardar zaren, ya duba alamar AR. Ya kuma tambaya da me za a ɗaure ta, domin ƙarfen da ba ya tsatsa ake so, ba kusa da turmin siminti kawai ba.

Matasa masu zane a kwamfuta ma suna da ƙofa a nan. Ana iya zana siffar a AutoCAD ko Blender, injin CNC ko firintar 3D ya fitar da samfurin, a zuba masa roba a samu mazubi. Mazubi ɗaya yana fitar da guntaye masu yawa iri ɗaya sak. Da irin wannan haɗin gwiwa na manhaja da masana'anta aka lulluɓe cibiyar Heydar Aliyev da Zaha Hadid ta zana a birnin Baku, inda aka yi amfani da faifan GRC tare da na roba mai zaren gilashi.