Ko Ka Sani? Kyamara Ba Ta Ganin Ko Rabin Abin da Kake Gani

Idanunka biyu suna kwaso faɗin da ya haura digiri 180. Kyamara mai gilashin milimita 50 kuwa, abin da take kwasowa bai wuce digiri 40 ba. Saura duk a waje yake, kuma mai riƙe da ita ne ke zaɓar wanda zai shiga da wanda za a bari.

Je ka ƙofar fadar Lamiɗon Garwa ranar hawan sallah. In mai ɗauka ya durƙusa ya ɗaga kyamara sama, mahayi zai cika allo, rawani ya taɓo gajimare, kwarjini ya kama mai kallo. In ya hau soro ya leƙo, mahayin nan ya koma ɗan ɗigo cikin ƙura. Doki ɗaya, mutum ɗaya, labari biyu.

Dogon gilashi ma da nasa siddabarun: in an ɗauko daga nesa, yakan matse tazara. Shi ya sa za ka ga hoton masunci a kogin Binuwai, dorina kamar za ta kife masa kwalekwale, alhali akwai fili mai yawa tsakaninsu.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne fim ɗin Chocolat na 1988, wanda Bafaranshiya Claire Denis ta shirya. Ita kanta ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Kamaru, kuma labarin a Mindif yake, kusa da Marwa, a ƙarshen zamanin mulkin Faransa. Isaach de Bankolé ne ya fito a Protée, boyin gidan jami'in Turawa. Ba ya yawan magana, kyamara ce ke yi masa. Sau da yawa a bakin ƙofa take tsayar da shi, ko a baranda: bai shiga ba, bai fita ba. Uwargida tana wanka a ɗaki a rufe, shi kuwa wurin wankansa a fili yake, mai wucewa na iya hango shi. Denis ba ta sa kowa ya yi wa'azi a kan wulaƙancin mulkin mallaka ba. Ja da kyamara baya ta yi, har muka ga gidan Bature a gefe, ga kuma mutum tsirara yana zuba ruwa a tsakar rana.