Sawakin: tsibirin da kakanninmu suka tsallaka zuwa Makka

Yau daga nan Dawakin Tofa zan ɗauke ku har bakin Bahar Maliya, zuwa wani ɗan tsibiri a ƙasar Sudan da ake kira Sawakin. Na san da yawanku za su ce, to mu da ko babban kogi ba mu da shi, me ya haɗa mu da tsibiri? Ku dai biyo ni. Idan a danginku akwai wanda aka ce ya je Makka a ƙafa, to da wuya ƙwarai a ce bai bi ta wannan wuri ba.

Bari mu fara da hanyar. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, maniyyaci gabas yake dosa. Ya ratsa Borno, ya shiga Chadi ta Fort Lami, wato Njamena ta yanzu, ya wuce Abeshe, ya faɗa Darfur ta Jinaina da Fashir, sai Ubayyid, sai bakin kogin Nilu. Tafiya ce ta shekaru, don in guzuri ya ƙare dole a tsaya a yi ƙwadago, kamar a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925. Wasu a can suka yi aure suka zauna. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ma, bayan yaƙin Burmi a 1903, wannan hanyar suka bi, har ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno. Wanda Allah ya nufa ya ƙarasa kuwa, ƙasa tana ƙare masa ne a Sawakin. Daga nan sai ruwa, sai Jidda.

Ni na je wurin ne lokacin ina karatu a Khartum, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Daga Port Sudan mota ake shiga a yi kudu, tafiyar kilomita kusan 60. Abin da za ka fara tararwa shi ne garin da ke kan tudu, da kasuwarsa da masunta suna gyaran raga kusa da kwale-kwalensu masu fenti kala-kala. Sai wata gajeriyar hanya da aka cike ruwa aka yi, ita ce ta haɗe tsibirin da tudu. Gordon Basha ne ya sa aka yi ta a 1877. Kafin nan sai da kwale-kwale ake shiga.

Tsibirin kewayayye ne kamar faifai, kuma ƙarami ne, cikin rabin awa ka zagaye shi a ƙafa. Ƙarfinsa yana ga wurin da Allah ya ajiye shi. Jirgin da ya taso daga teku dole ya biyo wani siririn mashigi mai tsawo, duwatsun murjani hagu da dama, kafin ya iso. Kun ga ke nan abokin gaba ba shi da damar zuwa a ɓoye, igiyar ruwa kuma ba ta damun jiragen da suka riga suka shigo. Shi ya sa masu mulki suka yi ta son wurin. Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarce shi a ƙarni na 14. Daular Usmaniyya, ta Turkawa fa nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, ta karɓe shi a 1517, sannan ya koma hannun Masar a 1865. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 kasuwa ta ƙara buɗewa. A shekarun 1880 Usman Diƙna, kwamandan Mahadi, ya daɗe yana yi wa garin ƙawanya amma bai ci shi ba, domin Turawan Ingila sun kewaye ɓangaren tudu da ganuwa da ƙananan sansanoni. Ƙofar ganuwar, wadda ake kira da sunan Kitchener, tana nan har yau.

To amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ginin. Ba da jar ƙasa aka yi shi ba irin namu. Dutsen murjani ake sarowa daga teku, a jera, a shafe da farar ƙasa. Gidaje ne masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa da suka turo waje, mata su sha iska ba a gan su ba. Matsalar murjani ita ce yana da ramuka kamar soso. In shafen ya ɓare, gishirin teku da raɓa su shige, sai dutsen ya riƙa marmashewa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lissafin: shekarar da ba a yi yaɓe ba, damina za ta karɓi rabonta.

Kuma abin da ya faru ke nan. Manyan jiragen tururi suka yi wa mashigin nan girma, Turawa suka gina sabuwar tasha a Port Sudan aka buɗe ta a 1909. 'Yan kasuwa suka kwashe suka koma can, aka rufe gidaje, mai yin shafe ya rasa mai biyansa. Garin da yaƙi bai ci ba, rashin ciniki ya cinye shi. Ku ɗauka yau a ce an ɗauke kasuwar Dawanau an kai wani gari, shekara nawa rumbunan za su yi a tsaye? Alhazai dai sun ci gaba da bi ta Sawakin, a nan ake killace su a duba lafiyarsu kafin su tsallaka, amma baƙo mai wucewa ba ya gyara katanga.

Yanzu mafi yawan tsibirin kufai ne, tarin fararen duwatsu da kyanwoyi suna yawo. Mutanen wurin ma har labari suke bayarwa wai a nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljanu, amma wannan zancen baka ne. Turkiyya ta gyara masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, kuma shugaba Erdogan ya je da kansa a Disambar 2017. Jiragen ruwa na fasinja har yanzu suna tashi zuwa Jidda daga sabuwar tashar da aka sa wa sunan Usman Diƙna.

Ba zan ce wa kowa ya ɗauki jaka ya tafi yanzu ba, hali bai yi ba, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Amma rabin labarin Sawakin yana nan a ƙauyukanmu, a bakin tsofaffin da iyayensu suka yi wannan tafiya. Su ma kullum raguwa suke yi. In kana da kaka ko tsohon maƙwabci, je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, Baba, wa ya je Makka a ƙafa a gidan nan? Shekara nawa ya yi? Wa ya tafi bai dawo ba? Kunna wayarka ka naɗi muryarsa. Wataƙila kana da dangi a Mai Wurno ko Port Sudan ba ka sani ba.

Wanda ya samo labari ya turo mana, za mu karanta a kashi na gaba in sha Allahu.