Farautar sisin Amurka: masu tsintar dukiya a cikin canjin senti biyar

A bankuna da dama na Amurka, ma'aikatan kanta sun saba da wasu abokan hulɗa da ke miƙa dala 100 su nemi a ba su akwatin kwandalolin senti biyar. Akwatin na ɗauke da ƙunshi 50, kowane ƙunshi da kwandala 40, wato guda 2,000 ke nan masu nauyin kilo goma. Mutum zai kai gida, ya baje su kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba shekarar da aka buga kowacce, sannan ya mayar da ragowar wani reshen banki. Sau da yawa abin da zai ware bai wuce guda biyu ko uku ba.

Kwandalar da suke wa wannan bincike ita ce Amurkawa ke kira nikel, takwarar abin da iyayenmu suka sani da sisi. Dalilin da ya sa ita ce ta fi jan masu wannan sha'awa a bayyane yake. Kwandalolin senti goma da na 25 an daina yin su da azurfa bayan shekarar 1964, kuma jama'a suka kwashe tsofaffin suka adana. Ita kuwa nikel, tun 1938 take ɗauke da hoton Shugaba Thomas Jefferson, da haɗin ƙarfe iri ɗaya, in ban da shekarun yaƙi: kashi 75 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 25 nikel. Tsohuwa da sabuwa kusan kamarsu ɗaya a hannun mai sayayya, don haka wadda aka buga kafin Yaƙin Duniya na Biyu kan iya faɗowa cikin canjin mai shayi har yau.

Abin da mafarauci ke dubawa bayan shekara shi ne ɗan harafin da ke nuna masana'antar da ta buga kuɗin: D na Denba, S na San Faransisko. A waɗanda aka buga kafin 1965, harafin na bayan kwandalar, daura da hoton Monticello, gidan Jefferson. Haɗuwar shekara da harafi ita ke bambanta sisin banza da abin nema. Ta 1939 mai harafin D, alal misali, kimanin miliyan uku da rabi kawai aka buga.

Sai dai ƙarancin bugu ba shi kaɗai ke sa abu ya yi wuya ba, kuma labarin kwandalar 1950 ta Denba ya tabbatar da haka. Guda 2,630,030 aka buga, adadi mafi ƙanƙanta a jerin Jefferson na hada-hadar yau da kullum. Labari ya bazu da wuri, dillalai da masu tarawa suka saye su ƙunshi-ƙunshi kafin su shiga kasuwa. Farashinsu ya yi tashin gwauron zabi a farkon shekarun 1960, daga baya ya faɗi warwas, domin kowa na da su a ɓoye. A yau samun sabuwa fil a shagon dillali ba wuya, amma tsintar wadda ta sha hannu a cikin canji babban rabo ne. Ɓoyon da aka yi don a ci riba shi ya hana ta tsada.

Waɗanda aka fi cin karo da su su ne na zamanin yaƙi. Daga ƙarshen 1942 zuwa 1945 gwamnati ta cire ƙarfen nikel daga cikin kuɗin saboda buƙatar masana'antun makamai, ta maye gurbinsa da azurfa kashi 35 da manganis kashi 9. An sa musu babban harafi a saman ƙubbar Monticello, kuma a nan ne harafin P na Filadelfiya ya fara bayyana a kan kuɗin Amurka. Kowacce na ɗauke da giram 1.75 na azurfa, wanda darajarsa ta ninka senti biyar sau da yawa. Wannan harafi ne ma ya tona asirin Francis Henning, wanda ya buga jabun kwandaloli a jihar New Jersey a shekarun 1950: ya sa shekarar 1944 amma ya manta da harafin. Abin mamaki, jabun nasa yanzu masu tarawa na neman su da kuɗi.

Jefi-jefi ana tsintar wadda ta gabace su, mai hoton bauna, da aka yi daga 1913 zuwa 1938. Matsalarta ita ce an ɗora shekarar a wurin da ya fi gogewa, don haka yawancinsu sun shafe. Mai sa'a shi ne wanda ya ga ta 1937 ta Denba, wadda baunarta ke da ƙafa uku saboda gugar da aka yi wa hatimin bugu ta wuce kima.

Mafarkin da ke bayan wannan duka ya samo asali ne daga kwandalar 1913 mai hoton Liberty, wadda guda biyar kacal aka sani. A shekarun karayar tattalin arziki na 1930, wani dillali a Texas, B. Max Mehl, ya yi ta tallar zai biya dala 50 ga duk wanda ya kawo masa ɗaya. Babu wanda ya samu, domin ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba, amma tallar ta koya wa miliyoyin mutane duba canjinsu. A 2018 an sayar da ɗaya daga cikin biyar ɗin a gwanjo kan dala miliyan 4.56.

Yanzu dai makomar nikel ɗin kanta ce ake tambaya a kai. A shekarar kuɗi ta 2024, bugawa da rarraba kowace guda ya ci wa gwamnati senti 13.78, kusan ninki uku na darajarta, kuma tun 2006 doka ta haramta narka ta don sayar da ƙarfen. A watan Nuwamba na 2025 Amurka ta buga kwandalar senti ɗaya ta ƙarshe ta hada-hada bisa irin wannan dalili na asara. Masu farauta sun riga sun fara ware na shekarar 2009, wadda aka buga ƙasa da miliyan 90 a masana'antu biyu, alhali a wasu shekarun adadin kan haura biliyan ɗaya.