Mubi: Inda ake gane a-kori-kurar da za ta daɗe

Daga Yola zuwa Mubi, ta Song da Gombi da Hong, kwalta ake bi. Jarrabawar mota tana farawa ne bayan an bar gari, a hanyoyin ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, inda damina ke cinye hanya, ga kuma buhunan masara da wake na jiran a kai su kasuwa.

A da, a-kori-kurar Peugeot 504 ce ke wannan aiki a Arewa, domin a Kaduna ake harhaɗa ta, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Yau Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ita ta gaje ta. Ƙarfin shasi da sifirin na daga cikin dalili, amma babbansu shi ne idan ta tsaya, ana samun kayan gyaranta kusa, sabo ko na hannu.

Sababbin injinan dizal masu kwamfuta kuwa ba sa jure gurɓataccen mai. Injekta ɗaya ta lalace, sai motar ta kwanta har a kawo wata daga nesa, aikin rigakafi ko duba kwangila ya tsaya tare da ita.

Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya buƙaci ma'aikatu su fifita kayan gida, abin da ya shafi kamfanoni irin su Innoson na Nnewi. Manufar tana da kyau. Sai dai jami'in da ke sa hannu a Abuja ya kamata ya fara tambayar dila inda wurin gyaransa mafi kusa da Mubi yake, da kwanakin da kaya za su yi kafin su iso.