Kafin a kashe kwamfuta: shaidar da ofisoshin nesa da Abuja ke asara

A yawancin ofisoshin gwamnati, maganin manhajar da ta daskare guda ɗaya ne: a kashe kwamfuta, a sake kunnawa. Aiki kan ci gaba, amma duk abin da zai nuna musabbabin matsalar ya tafi tare da wutar da aka ɗauke. Bayan kwana biyu sai cutar ta dawo, domin ba a gano tushenta ba.

Wannan asara ta fi nauyi a wuraren da ke nesa da hedikwata. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, duk suna arewacin Jihar Yobe, tafiyar yini guda a mota daga Abuja. Idan manhajar albashi ko ta rajistar ɗalibai ta tsaya a ofishi mai nisa irin wannan, injiniyan da ya san cikinta yana iya kasancewa a Abuja ko Legas. Saƙon da ya ce "ta ƙi aiki" bai ba shi abin kamawa ba. Abin da yake bukata shi ne hoton ƙwaƙwalwar manhajar: fayil da ke adana duk abin da take riƙe da shi a daidai lokacin da ta tsaya, har da umarnin da ta maƙale a kansa.

Ɗaukar hoton ba ya bukatar gwaninta. A kan Windows, ma'aikaci zai danna Ctrl, Shift da Esc a tare, sai Task Manager ya buɗe. Zai nemo sunan manhajar, ya danna maɓallin dama na linzami, ya zaɓi "Create dump file", wanda a sabon Windows 11 ake rubuta shi "Create memory dump file". Kwamfutar za ta nuna inda ta ajiye fayil ɗin, mai ƙarewa da .DMP. Sharaɗin shi ne a yi haka tun manhajar tana daskare, kafin a rufe ta. Ɗaukar hoto biyu ko uku, da tazarar minti ɗaya, yakan nuna ko ta tsaya cak ne ko tana jan ƙafa.

Idan kuwa manhajar ɓacewa take yi farat ɗaya, akwai ProcDump, wata ƙaramar manhaja ta kyauta daga Microsoft. Ana sa ta gadi, sai ta ɗauki hoton da kanta da zarar manhajar ta faɗi. Daga nan injiniya zai buɗe fayil ɗin da WinDbg ya bi sawun kuskuren.

Duniya ta ga amfanin irin wannan shaida bayan 19 ga Yulin 2024, ranar da wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, ya tsayar da jirage da ayyukan asibitoci. Da irin waɗannan fayiloli Microsoft ya nuna inda kuskuren ya auku.

Sai dai fayil ɗin amana ne. Tunda kwafin ƙwaƙwalwa ne, yana iya ƙunsar kalmar sirri, lambar asusun ma'aikaci ko bayanin rashin lafiyar majinyaci. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan hukumar da ke riƙe da su. Tura shi a zauren WhatsApp ganganci ne. Kamata ya yi a matse shi, domin yakan kai ɗaruruwan megabait, a kulle shi da kalmar sirri, a aika ta hanyar da ofis ya amince da ita, tare da bayanin lokacin da abin ya faru da aikin da ake yi. Idan an gama bincike, a goge shi.

Ga jami'an Abuja masu karɓar koke daga jihohi, umarni mai shafi ɗaya a kan wannan zai iya rage tafiye-tafiye da kuɗin alawus, ya kuma gajarta jiran ma'aikacin da albashinsa ya maƙale.