Ɓaraka a Cikin Jam'iyyu da Muhawarar Yawan Jam'iyyu: Darasi Daga Santsi da Taɓo

Gabatarwa

Tun da aka fara siyasar jam'iyyu a Nijeriya ake muhawara a kan adadin jam'iyyun da ya dace da ƙasar. Wasu na ganin jam'iyyu biyu sun wadatar, domin suna tilasta wa mutanen sassa daban-daban zama a inuwa ɗaya. Wasu kuwa na ganin a bar kowa ya kafa tasa, mai ƙarfi ya rayu. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar tarihin siyasar Kano, domin a nuna cewa yawan jam'iyyu ko ƙarancinsu ba shi ke kawar da saɓani ba, wurin da saɓanin zai zauna kawai yake sauyawa.

Jamhuriya ta Farko

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita kuwa Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC, a 1951. A wancan zamani jam'iyyu suna da yawa, amma kowace babba da jiharta. Duk da haka ɓaraka ba ta bar su ba. A 1962 AG ta dare biyu tsakanin Cif Awolowo da Cif Akintola. A Kano ma, bayan murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, masu goyon bayansa sun kafa KPP. Abin lura shi ne, da zaɓen 1964 ya zo, duk waɗannan jam'iyyu sun dunƙule cikin ƙawance biyu, NNA da UPGA.

Santsi da Taɓo

A zaɓen 1979 jam'iyyu biyar suka shiga takara: NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP. Ita kanta GNPP ɓaraka ce ta haife ta, lokacin da Alhaji Waziri Ibrahim ya fice daga NPP a 1978. PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohi biyu daga cikin 19, wato Kano ƙarƙashin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi da Kaduna ƙarƙashin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa.

Ba a daɗe ba rikici ya kunno kai. Gwamnonin biyu sun riƙa halartar taron gwamnonin adawa tara, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Shugabannin jam'iyya suka hana su, suka ƙi hanuwa. Hujjar gwamnonin ita ce, ƙaramar jam'iyya ba za ta iya ja da NPN ita kaɗai ba. Shugabannin kuwa suna tsoron kada UPN ta haɗiye PRP, kuma suna ganin jam'iyya ce ta tsayar da gwamna, don haka dole ya bi umarninta. A 1980 aka kori gwamnonin, jam'iyya ta rabu biyu. Ɓangaren gwamnoni, wanda ya ɗora tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a kan gaba, shi ake kira Santsi, na Malam kuma Taɓo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta amince da shi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yuni 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP domin ya sami tutar takara, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya gaje shi, sannan Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci zaɓen. A nan an ga amfanin yawan jam'iyyu, domin wanda aka rufe wa ƙofa ya sami wata, jama'a kuma suka yanke hukunci da ƙuri'arsu.

Gwajin Jam'iyyu Biyu

Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin nazarin siyasa a 1986 ƙarƙashin Dakta S. J. Cookey, wanda ya ba da shawarar tsarin jam'iyyu biyu. A watan Oktoba 1989 gwamnati ta ƙi amincewa da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ta ƙirƙiro SDP da NRC da kanta, ta rubuta musu manufofi, ta kuma gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Manufar ita ce a kashe siyasar ƙabila da ta ɓangaranci.

Sai dai tsofaffin ƙungiyoyin ba su mutu ba, shiga suka yi da rigunansu. A cikin SDP akwai mutanen Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa na PF, akwai kuma na PSP. A Kano, Santsi da Taɓo suka sake haɗuwa a gida ɗaya ba tare da an sasanta ba. Da yake babu jam'iyya ta uku da za a koma, duk faɗan ya tattara a zaɓen fid da gwani, wanda ya sha kaye kuma ya yi wa jam'iyyarsa zagon ƙasa. Haka NRC ta sami gwamnan Kano a zaɓen Disamba 1991 da Kabiru Ibrahim Gaya, a jihar da SDP ke da ƙarfi. Irin wannan ta faru a Legas, inda rikicin SDP ya ba Michael Otedola na NRC nasara.

Amma tsarin yana da nasa alherin. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Cif M. K. O. Abiola na SDP ya rinjayi Alhaji Bashir Tofa na NRC a Kano, mahaifar shi Tofan, kafin soja su soke zaɓen.

Jamhuriya ta Huɗu

An fara da jam'iyyu uku a 1999. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002, a ƙarar da Balarabe Musa ke cikin masu shigar da ita, adadin ya kai 30 a zaɓen 2003, ya kai 91 a 2019, sannan INEC ta soke rajistar 74 a 2020. Duk da wannan yawa, takarar shugaban ƙasa ta fi zama tsakanin manya biyu. Masanin nan na Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana dalilin tun 1951: inda mai ƙuri'a mafi yawa ke kwashe kujera baki ɗaya, masu zaɓe ba sa son zubar da ƙuri'a ga wanda ba zai ci ba. Ga kuma sharaɗin tsarin mulki na samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Shi ya sa ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC a 2013, gwamnoni biyar na PDP suka bi su, har ta ci zaɓen 2015. Ita ma a Kano ta rabu tsakanin Kwankwasiyya da Gandujiyya, kuma a 2023 NNPP ta ci gwamnan jihar.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa a tsarin jam'iyyu biyu ana ƙulla ƙawance a cikin jam'iyya kafin zaɓe, ɓangarori su zama jam'iyyu a ɓoye. A tsarin jam'iyyu da yawa kuwa ɓangaren da ya fusata yakan fice ya nemi tuta a waje. Ko ta wace hanya, abin da ya rusa PRP a 1980 kuma ya kayar da SDP a Kano a 1991 shi ne rashin hanyar sasanci da kowa ya yarda da ita, da rashin zaɓen fid da gwani da wanda ya faɗi zai iya karɓa. Jam'iyyar da ta rasa waɗannan biyu za ta dare, ko biyu ce a ƙasa ko casa'in.